Hannun da Merv Kleinig Ya Ɗaga

Akwai laifin da kotu ba ta sauraronsa, amma yana da alƙalinsa: cin ribar faɗuwar maƙwabci. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, kuma ba ya gaggawa. Na Merv Kleinig shekara talatin da ɗaya ya yi yana tafe a bayansa kafin ya kama shi a ƙafa.

A ƙasarmu ta alkama, in fari ya karya manomi, a cikin gonarsa ake gwanjon kayansa. Mata su gasa nama su dafa shayi, maza su yi ta zagaya kaya kamar ba su san mai su ba. Amma duk abin da aka san mai gida na son ya fansa don ya ci da iyali, in aka zo kansa kowa sai ya zuba hannu a aljihu. Wannan doka ba a rubuce take ba, ba a kuma taɓa karya ta ba, sai ranar gwanjon Alf Schirmer.

Wata tsohuwar jar tarakta Alf yake so, don ya riƙa yi wa mutane huɗa ana biyansa. Ya taya dala ɗari uku. Fili ya yi tsit. Sai Merv, wanda shinge kaɗai ya raba gonarsu, ya ɗaga hannu. Alf ya ƙara, Merv ya ƙara. A ɗari tara Alf ya cire hularsa ya dubi cikinta, bai sake tayawa ba. 'Yarsa Rhonda, mai shekara goma sha biyu, tana riƙe da gefen rigarsa. Ta ce, "Kawu Merv?" Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Alf ya koma ɗakin haya a cikin gari, girbi bai zagayo ba aka binne shi.

Tun daga nan, duk ranar da Merv ya hau taraktar sai ya iske kujerarta da ɗumi, kamar yanzu wani ya tashi. Ko da safiyar watan Yuni ce, tsakiyar hunturunmu, sanyi ya daskarar da ruwan kwamin tumaki. Karensa ba ya kwanciya a inuwarta. Bai taɓa gaya wa kowa ba.

To, duniya juyi-juyi. Fari ya yi shekara uku a jere, sai ga takardar banki: suna kiransa zuwa zaman sulhu kan bashin gona, ya amsa cikin kwana ashirin da ɗaya. Gonar dai ta tafi, ya sani. Abin da yake so ya tsira shi ne gidan dutsen da kakansa ya gina, inda matarsa Glenys ta yi shekara arba'in tana shayar da itacen lemo da ruwan wanki.

Glenys ta ajiye masa shayi ta ce, "Ka je wurin Rhonda. Ita ce lauyar masu karayar arziki, ga ofishinta nan daura da gidan waya. Ita ta fid da su Wittwer daga bakin kura da banki ya taso musu."

"Ni in kai wuyana wurin 'yar Alf? Ai wuƙarta ta daɗe a wase."

"Kai ka ga wuƙar?"

"Ki bar ni, Glen."

"Na bar ka, tsoho. Amma banki ba matarka ba ne, ba zai bar ka ba."

Sau biyu ya shiga gari da takardar a aljihu. Sau biyu ya hango sunan Schirmer a jikin gilashi da farin fenti, ya tsallaka titi ya shige shagon sayar da taki, yana taya abin da ba zai saya ba. Kev mai shagon ya ce, "Merv, taki kake nema ko maɓoya? Ƙasar da ba ruwa me za ka zuba mata?" Aka yi dariya, ban da shi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Sai ya tuƙa mota awa shida zuwa birnin Adelaide, inda ba wanda ya san fuskarsa. Ya sami wani dattijon lauya a hawa na tara. Mutumin ya karanta takardar, ya dubi adireshin, ya cire tabarau.

"Daga Koolinga? To me ya kawo ka nan? Akwai wata a garinku, Schirmer. A bashin gona duk jihar nan ba mai kama ƙafarta. Ni ma ita zan buga wa."

Merv ya miƙe tsaye. Awa shida ya yi yana gudun sunan, ya iske shi zaune yana jiransa. Ya tattara takardunsa ya fita, ko sallama babu.

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. A waya ya ga tallan wani Craig, mai cewa yana ceton dukiyar manoma daga bankuna. Ba lauya ba ne, mashawarci yake kiran kansa, kuma a shagon shan kofi yake ganin mutane. Takalminsa bai taɓa taka gona ba.

Craig ya ce, "Aboki, lauyoyi da banki Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Manta da wannan takarda. Tumaki da injuna ka mayar da su sunan ƙanwarka. In sun zo, su tarar da iska."

"Nawa?"

"Dubu arba'in. Kar ka damu, na san masu ba da rance cikin kwana biyu. Gidan kawai za a rubuta, wata uku an goge."

Takardar gidan daban take da ta gona, kuma sunansu biyu ne a kanta. Dole Glenys ta sa hannu. A teburin kicin ta riƙe alƙalami ta ce, "Rhonda ta gani?"

"Lauya ya gani."

Ta dube shi har ya kawar da kai, sannan ta rubuta sunanta.

Kwana ashirin da ɗaya suka wuce. Wata uku suka wuce. Lambar Craig ta daina shiga. Masu rance suka turo takarda, banki ya turo tasa, sai kuma wata ta uku daga hukuma mai tambayar ina tumaki dubu da ɗari biyu suka shiga. An gudu daga gara, an faɗa gidan zago.

Ranar wata Talata da hantsi Merv ya tura ƙofar gilashin nan ta ofishin Rhonda. Ba kowa a ɗakin jira. Rhonda ta fito, furfura ta soma mata a goshi daidai inda ta soma wa ubanta. Ta ce, "Mista Kleinig, shigo." Ya zauna a kujerar da ke gaban teburinta, sai ya zabura. Da ɗumi take.

"Wani ne ya fita yanzu?"

"Kai ne na farko yau."

Ta karanta takardun ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɗago ba. Da ta zo kan ta gidan, sai ta daɗe.

"Ka san banki ba shi da iko da gidan nan? Ba ya cikin jinginar gona. Rabin Anti Glenys ba mai taɓa shi, ɗaya rabin da mun nemi hanya a zaman sulhu. Kai ka ɗauke shi da hannunka ka miƙa."

Ya ce, "Na zaci za ki rama."

"Sau biyu na hango ka ta taga kana tsallaka titi. Har na ce a ɗora ruwan shayi." Ta daidaita takardun. "Babana ba taraktar ce kaɗai ta kashe shi ba. Ba shi da mai karanta masa takarda. Shi ya sa na koyi wannan aiki. Da na karanta taka."

"To yanzu za ki karɓe ni?"

"Zan karɓe ka. Ba don na manta ba. Za ka dawo da tumakin, ka lissafa komai har cokali, ka faɗi gaskiya kafin a tambaye ka. Gidan yari zan iya tare maka. Gidanka ba zan iya ba."

Ya sa hannu. Ta cika alkawari, bai kwana a kurkuku ba.

A watan Maris aka yi gwanjon. Mata suka gasa nama, maza suka zagaya. Komai ya tafi, har aka zo kan jar tarakta. Mai gwanjo ya ce, "Ɗari uku?" Merv ya duba, sai ya ga kowa ya zuba hannu a aljihu. "Ɗari? Hamsin? Jama'a, ko ƙarfenta ai ya fi haka." Ba wanda ya motsa. Daga baya Kev ya ce, "Bar masa kayansa. Ya daɗe yana biya." Mai gwanjo ya wuce na gaba.

Ga abin da hannu ɗaya da aka ɗaga ya ci wa Merv Kleinig. Gona eka dubu uku. Tumaki dubu da ɗari biyu. Dala dubu arba'in da Craig ya tafi da su, da kuɗin ruwan da suka haifa. Gidan dutse na kakansa, da itacen lemo bakwai. Glenys, wadda ta tafi wurin yayarta a garin Whyalla ta ce za ta yi mako biyu, yau shekara huɗu. Abin da ya rage masa ɗakin haya a bayan shagon taki, da tarakta ɗaya a ƙofarsa wadda ba mai saye, kujerarta da ɗumi.