Gaisuwar Tatsuro

Chizuru ta sha baƙar wuya kafin ta ciro surukinta daga garinsu na masunta, Kesennuma. Tsoho Genzo mutum ne mai kan dutse. Duk rayuwarsa a kan teku ya yi ta yana kashe kifin shak, ƙaton kifin nan mai cin mutum, har wani ya tafi masa da yatsu biyu. Sai ga ɗansa tilo, Tatsuro, mijin Chizuru, ya bar masa jirgi ya kama aikin nutso a gidan kallon kifaye.

"Ni ina kashe su, shi yana ba su a baki kamar jarirai," in ji tsohon. Tun daga ranar ko sunan ɗan bai ƙara kama ba.

Jika ce ta karya shi. Mikoto ta kafe sai Kaka ya zo ya ga babanta a cikin ruwa. Chizuru kuwa ba ta gaya wa mijinta ba, wai za ta ba shi mamaki. Abu ɗaya take so, uba ya dubi ɗansa ko da sau ɗaya.

Ranar Lahadi wurin ya cika maƙil. Suka kutsa har gaban gilashin, wani makeken bango da ruwa ya cika bayansa. Kifayen shak na kewayawa, kowanne ya fi mutum tsawo, haƙora a waje kamar ƙusoshi.

"Baba, ga kujera," in ji Chizuru.

"Ƙafata ta yi miki ƙara ne? Waɗannan ne abin kallon? Sun yi ƙiba kamar karnukan masu kuɗi."

Sai ga Tatsuro ya sauko da kayan nutso, kwandon kifi a ƙugu, sanda a hannu. Ya soke kifi ya miƙa. Wata ƙatuwa ta fizge shi, ta girgiza kai, naman ya yage, hanji ya watse cikin ruwa. Wasu biyu suka rufu a kan guntun suna bangazar juna. Yara suka ɗauki ihu. Tatsuro bai ko gezau ba, idonsa na kan kowacce, yana kauda hancinsu da sanda.

Chizuru ta ji tsohon yana magana ciki-ciki: "Yauwa, ka riƙe idonta. Haka na koya maka."

Tatsuro ya zaro wani kifin daga kwando, ya juyo don ɗaga wa yara hannu, sai ya yi ido huɗu da ubansa. Nan fa tsoho Genzo, wanda ko shugaban ƙungiyar masunta ba ya samun gaisuwarsa, ya ɗan sunkuyar da kai. Ɗan kaɗan ne, amma Chizuru ta gani, daɗi ya kama ta har hawaye.

To, wane ɗa ne ubansa zai sunkuya masa ya tsaya ƙiƙam? Babu shi a ƙasar nan. In babba ya sunkuya taƙi ɗaya, ƙarami sai ya ninka. Tatsuro ya haɗa ƙafa, ya manna hannuwa a cinya, ya duƙa sosai har fuskarsa na kallon yashi, da kifin a hannunsa.

"Ɗaga kanka!" Tsohon ya kwarma ihu. "Ɗan banza, ɗaga kanka!"

Ina! Gilashin ya fi kaurin katanga, Tatsuro bai ji ba. Ƙatuwar nan ta zo ta baya ta haɗa da kifi da hannu. Ta girgiza shi kamar tsumma, ta maka shi da gilashin daidai fuskar Mikoto. Jini ya turnuƙe ruwan, baƙi ƙirin. Wasu sakarkaru a baya har da tafi, sun zaci wasa ne. Chizuru ta danne kan 'yarta a cikinta tana wayyo, wayyo, ni na jawo. Tsohon na naushin gilashi har fatar hannunsa ta fashe.

Da abokan aikin Tatsuro suka tsamo shi da ƙugiya, Genzo ya riga ya ture mai gadi ya haye bene, Chizuru na bin sa. Tatsuro na kwance a kan siminti, daga wuyan hannu zuwa ƙasa babu komai, jini na tsartuwa. Tsohon ya kwance tawul ɗin wuyansa, ya ɗaure damtsen, ya ja da haƙori kamar yadda ake yi a jirgi.

"Tatsuro," ya ce. "Tatsuro, dube ni."

Tatsuro ya buɗe ido. Leɓɓansa sun yi fari fat.

"Baba, ka sha hanya. Ka yi haƙuri, na ba ka kunya."

Ya yunƙura zai sake sunkuyar da kai. Tsohon ya tallafe haɓarsa da hannun nan mai yatsu uku, ya riƙe gam, yana kuka kamar yaro.

"Kul! Kada ka ƙara sunkuya mini. Har in mutu."