Belun Kamila

Kamila ɗiyata ce ta fari, shi ya sa ban taɓa kiran sunanta a gaban surukaina ba. Ko da tari ya kama ta wata biyu, ta rame har haƙarƙarinta ya fito, sai dai in ce, "Yarinyar nan ba ta ci abinci ba."

Ranar Talata na goya ta zuwa asibitin Yashe. Malama Sumayya, ma'aikaciyar lafiya, ta ce 'yar shekara biyu ba ta iya kako majina, don haka bayan gidanta aka ɗiba a 'yar roba. Mai babur zai kai Kankiya, inda akwai na'urar da ke gano ƙwayar tarin fuka cikin awa biyu.

"Kafin la'asar zan kira ki," in ji ta. "Kada kowa ya taɓa mata maƙogwaro. Ba ta da jinin zubarwa."

Na dawo na iske Ɗalha wanzami a tsakar gida, ya baje zabira. Mijina yana ci-rani. Surukina, Baba Manu, ya ce, "Belu ne ke sa ta tari. Sauke ta a cire."

Na durƙusa. "Baba, an kai bayan gidanta gwaji, a yi haƙuri zuwa la'asar."

"Kashi za a tambaya ciwon wuya?" in ji Lawal, wan mijina, yana dariya. "Ke da ba ki da ta cewa a kan 'yar fari!"

Ya fizge zanen goyon. Ya danne ta a cinya, Ɗalha ya tura mata itace tsakanin haƙora, ya ɗauko askar nan mai lanƙwasa. Kukan ma bai fita, sai gurnani.

"Kamila!" Na ƙwala sunan a gaban surukaina.

Na cusa hannuna tsakanin askar da bakinta. Askar ta tsarge ni daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Lawal ya kwaɗa mini mari, na faɗi kan turmi, hannuna ya sami taɓarya. Na sauke masa ita a kafaɗa, na ji ƙashi ya ce ƙas. Na sure ɗiyata, na faɗa ɗaki, na danna sakata, na tokare ƙofa da bayana.

Suka yi ta dukan ƙyauren, langa-langa na yankar kafaɗata. Na ɗaure hannun da ɗankwali, na ja da haƙori. Jini ya jiƙa rigar Kamila, na duba bakinta sau uku. Jinina ne.

Wayata ta yi ƙara. Na ƙure muryarta, na kara ta a ramin ƙofa.

"Tarin fuka ne," in ji Malama Sumayya, "kuma irin wanda maganinmu ke ci. Ki kawo ta yanzu. Yaro bai ɗauko shi a hanya, akwai babba mai tari a gidan nan. Kowa ya zo a gwada."

Dukan ya tsaya. Na ji Ɗalha yana tattara asakensa. Sai tarin Baba Manu, wanda muke ji kowace asuba tun damina, ya sarƙe shi, ya daɗe bai sake shi ba.

Na buɗe ƙofa, goyon ya ɗauru tam.

Baba bai dube ni ba. Ya goge baki da hannun riga.

"Ki wuce da Kamila," in ji shi. "Ki ce su ajiye mini robar gwajin."