Abin da Ke Cin Ganyen Wenzu

Ni dai ban taɓa zaton zan tsufa ina noman wiwi ba. Ni Rozarja, da ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya ba na fashin coci! Amma tun da ciwon rawar jiki ya kama mijina Wenzu, hannun da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan koma a teku ya koma ko kofin shayi sai ya zubar da rabi, babu abin da ke sa jikinsa ya lafa har ya samu barci sai ɗan man da nake dafa masa da ita. Dokar Malta ta yarda da tushe huɗu a gida, in dai na kan titi ba zai hango ba. Huɗun na shuka a tukwane a saman soro, bayan igiyar shanya.

Suna cikin tashensu sai bakin ganyen ya fara ƙonewa, kamar an gifta masa ashana. Daga nan gefen ya nannaɗe, na ƙasa suka yi ɗorawa suna zubowa. Hankalina ya tashi ba kaɗan ba, domin man da ya rage a kwalba ba zai kai mu hunturu ba, kuma na san irin wuyar da Wenzu yake sha in babu shi.

Na ɗauko madubin da yake karanta jarida da shi, na bi bayan ganyen ina neman ƙwaro. Ko ɗaya. Na ce ko rana ce, na ɗaura musu tsohon zanin gado. Na ce ko ruwa ne ya yi yawa, na rage. Abin mamaki, duk na tura yatsa cikin ƙasar sai in ji ta da danshi, alhali ban ba su ruwa ba.

Konsolata, maƙwabciyata, guntuwar katanga ce tsakanin soronta da nawa, kuma bakinta ba ya hutu. Ta leƙo tana shanya.

"Ke dai Rozarja, baki ne ya kama su. Ki yi musu turare da ganyen zaitun na coci."

"Bakin wa? Ai ban da ke babu mai ganinsu."

"Ji ta! To iskar teku ce."

"Iskar teku ta tsallake ɗoɗɗoyata da tumatir, ta zaɓi waɗannan huɗun? Ko dai magenki ce ta mai da su banɗaki?"

"Magena ta fi mijinki tarbiyya," in ji ta, ta ja kwandonta ta sauka.

Maganar iskar ce ta tsaya min a rai. Na durƙusa na ƙura wa ƙasar ido, sai ga wani farin ɓawo a bakin tukunyar. Na kankaro da farce na ɗora a harshe. Gishiri! Tabɗi. Ni da nake ɗebo musu ruwan sama daga rijiyar tsakar gida, don na san na famfonmu zartsi gare shi, ta ina gishiri ya hau soro? Na ci gaba da tono da yatsa, sai na ciro wani abu fari, lugub. Guntuwar taliya ce.

A gidanmu ba a zubar da ruwa, haka muka tashi a tsibirin nan da babu kogi. In na tsane taliyar rana, kwano nake tarawa a ƙarƙashin gwagwa, in ajiye ruwan don wanke-wanke. Kwanakin nan in na tashi daga barcin rana sai in tarar da kwanon wayam, in ce tsufa ne ya sa na manta na yi amfani da shi. Kuma kowa ya san taliyata, gishirin da nake watsa wa ruwanta hannu guda ne cur.

Washegari bayan mun ci abinci na kwanta kamar kullum, na rufe ido ina kasa kunne. Can sai na ji ƙarar kwano, sai jan ƙafa. Na lallaɓa na leƙa. Wenzu ne a kan matakala, ya rungume kwanon a ƙirji da hannu biyu, ruwan yana ɓarewa a rigarsa, yana hawa yana tsayawa yana jingina da bango. Mutumin da na hana ɗaukar ko faranti.

Na bi shi har sama da niyyar in yi masa tatas. Na same shi yana raba musu ruwan daidai wa daida, yana yi musu magana ƙasa-ƙasa.

"Ku sha, 'yan mata. Tsohuwar nan ita kaɗai take wahala da ku, ni ma bari in taɓuka wani abu."

Tausayinsa ya kama ni, na juya na sauka kafin ya waiwayo.

Da yamma, yana ƙofar gida suna hira da tsofaffin abokansa masunta, na yi ta jigilar ruwan rijiya ina kwarara wa tukwanen har ya riƙa fita ta ƙasa garau. Konsolata ta leƙo.

"Kin gano ɓarawon?"

"Iskar teku ce," na ce mata.

Daga ranar ban ƙara sa gishiri a ruwan taliya ba. Ganyen da suka ƙone ba su dawo ba, na tsinke su, amma sababbin da suka fito daga sama kore ne shar, a miƙe.

Ranar Lahadi Wenzu ya kai loma ɗaya, ya tauna, ya ɓata fuska.

"Rozarja, hannunki ya fara tsufa. Taliyar nan lami ce."

"In ba ka ci ka ajiye, sarkin ƙorafi."

Na tura masa gishiri gabansa. Ya barbaɗa, rabi a faranti rabi a kan tebur, sannan ya ɗago yana wani murmushi da rabon da in gan shi tun yana fita teku.

"Kin hau soro kuwa yau? Kin ga yadda suka farfaɗo?"

"Na gani."

"To ba ki san komai ba," ya ce. "Akwai mai kula da su."