Faya-fayan Lefteris a Bakin Teku

Ranar Lahadi ce, tsakiyar Agustan 1995. Tun asuba iska ta ɗauke a bakin tekun Sitoniya, sama fes, ko ɗigon girgije babu. A rawar da ake kwana yi a bakin ruwan, ni aka ba kiɗan fitowar rana, karo na farko a rayuwata.

Faya-fayan da na zo da su na yayana Lefteris ne. Aikin lodi yake yi a Frankfurt ta Jamus, duk abin da ya samu a faifan kiɗan rawa da ake kira tirans yake ƙarewa. Da mota ta kaɗe shi ya rasu, akwati biyu aka aiko mana, ɗaya tufafi, ɗaya faya-fayai. Mama ta ɗauki na tufafin. Ni kuwa, da tun barina makaranta ban taɓa cika wata uku a aiki ɗaya ba, na kulle kaina a ɗaki ina koyon haɗa faifai da faifai.

Fotis ne mai kiɗan dare. Ya yi hunturu biyu a Gowa ta Indiya, ya dawo da gashi kamar igiya da ƙananan kaset a jakar wuya. Da ya hango ni ina jan akwati cikin rairayi sai ya tuntsire da dariya.

"Argiris ɗan Jamus! Gawa ka ɗauko mana?"

Sai ya tuna da rasuwar Lefteris. Ya sosa ƙeya, ya miƙo mini kofinsa mai ƙanƙara.

"Mutumina, a Gowa ba mai zuwa da faifai. Rana cinye shi take yi. Ka ɗauka don ado muke yawo da kaset?"

Na ce, "A Frankfurt aka haifi kiɗan nan, a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Ku yaji kawai kuka barbaɗa masa."

"Ƙarƙashin ƙasa. Da bakinka ka faɗa. Ɗaga kai ka ga."

"Kafin rana ta yi zafi Stamatis, mai kiɗan bayana, zai karɓe ni."

A wurinmu kiɗa ba ya tsayawa. Mai fita yana miƙa wa mai shiga ne ganga na tafiya. Wanda ya bari shiru ya sauka a hannunsa, ba a sake kiransa.

Na karɓa rana na leƙowa daga bayan dutse. Kiɗan Fotis ba ya numfashi, sautuka ne ke ta murɗewa kamar macizai a kwando. Na Lefteris kuwa yakan yi tafiya, sai ganga ta ɗauke, zaƙin ya rage shi kaɗai yana hawa, yana hawa, har ganga ta faɗo a kansa. Da ta faɗo karon farko, hannuwa suka tashi sama tun daga gaban tebur har bakin ruwa. Wata yarinya mai suna Evanti, da ke sayar da kankana, ta bar wuƙarta ta shiga fili.

Rana ta ɗaga. Stamatis bai zo ba. Aka ce babansa ya tsare shi a gidan abincinsu, baƙin Lahadi sun cika. Tamfol ɗaya da muke da shi an rufe janareta da shi.

Na kira Evanti. "Ina Fotis?"

"Ya shiga cikin itatuwa barci, da jakarsa a wuya."

"Don Allah nemo shi. Ko da ƙafa ki jawo shi."

Na tuɓe riga na rufe akwatin. Faifan da na cire daga kan na'ura ya ƙona mini yatsu, bakinsa ya tashi kamar gashin burodi. Na gaba ma haka. Waɗanda ke cikin akwatin, da suka jingina da juna, suka fara kwantawa gefe guda. Ina zaro su ina dubawa ina mayarwa, mutane kuwa rawa suke, ba su san komai ba.

Ɗaya ya rage da sanyinsa, can ƙurya. Fari ne, ba sunan mai kiɗa, sai rubutun Lefteris: "na safe". Shi yake sa mini ta waya in ya kira gida, Mama na yi masa faɗan ɓata lokaci. Faifan da ke juyawa ya kusa ƙarewa. Na duba wajen itatuwa, ba kowa.

Na ɗora shi.

Ya yi tafiya lafiya har inda ganga take ɗaukewa. Zaƙin ya hau, hannuwa suka tashi, kowa na jiran faɗuwar. Ina kallo bakin faifan ya soma tashi yana sauka. Allurar na'urar ta yi tsalle, ta ja ƙara, ta zame waje.

Shiru. Har ƙarar ruwa ana ji.

Fotis ya ɓullo a guje, ba takalmi, Evanti na bayansa. Ya dubi teburin, ya sa kaset ɗinsa. Amma mutane sun riga sun fara naɗe tawul.

A gida na danne faya-fayan da marmara tsakanin gilashi biyu har kaka ta wuce. Bakwai suka miƙe. Talatin da ɗaya ba su miƙe ba, har da farin. Allura ɗaya ta karye. Ba a sake kirana ba.