Sa Hannun Auta

Sakatariya ta ajiye takardu biyu gefe da gefe, ta sauko da tabarau kan hanci.

"Baiwar Allah, wannan sa hannun bai yi kama da wancan ba."

Auta ta leƙa. Ta hagu ita ce takardar amincewa da gurbin digiri na biyu a fannin gudanarwa, wadda aka kawo wata biyu da suka wuce. Ta dama kuwa ta janyewa ce, tawadarta ko bushewa ba ta yi ba.

Shekararta talatin da ɗaya, amma ba ta taɓa cike takarda da kanta ba. Tun rasuwar mahaifinsu, Yaya ke riƙe da alƙalami. Shi ya nema mata gurbin, shi ya sa hannu, shi ya kai wasiƙar aka yi mata firam ya rataye a falonsa. Ita dai nata "To, Yaya."

"Har yaushe za ki yi ta goga ƙafafun roba?" in ji shi. "Ki samu ofis mai sanyi kamar kowa."

A sashen haɗa ƙafar roba na asibiti take aiki, cikin ƙurar filasta da ƙarar injin guga. Karatun nan na nufin ta ajiye aikin ranar Litinin. Jiya wani direba da ta yi mako shida tana gyara masa ma'auni ya taka daga bango zuwa bango ba sanda, ya juyo yana dariya har da hawaye. Nan ta san ba inda za ta.

"Wannan ne nawa," ta ce. "Wancan na yayana ne."

Ta miƙa katin aikinta. Sakatariya ta gwada sa hannun da ke jikinsa, ta ɗago ta dube ta.

"Kin san mutum nawa ke jiran gurbin nan?"

"To yau wani zai yi murna. Mun zama biyu ke nan."

Matar ta murmusa, ta buga hatimi.

A bakin matakala Auta ta kira Yaya a waya. Ta faɗa masa a numfashi ɗaya, kafin tsohon "to" ɗin ya riga ta fita.

Ta gyara tsayuwa tana jiran faɗa.

"Firam ɗin fa?" ya ce. "Duk wanda ya shigo sai na nuna masa."

"Bar shi a bango, Yaya. Ai sun ɗauke ni, ba ƙarya ka yi ba."

Ta ji ya ja numfashi.

"Wa ya cike miki takardar?"

"Ni."

"Ba kuskure?"

"Ko ɗaya."

Daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa kanta. Ta duba agogo, ta gangara da sauri ta tare mota. Ƙarfe biyu direban zai dawo, yau matakala za su gwada.