Takardar Da Ba Ta Da Suna

Ɗalibai sun sa mata suna Jan Biro, kuma ta sani, har ma a ɓoye sunan yana yi mata daɗi. Shekara goma sha tara tana koyar da insha'i a sakandare, kuma ra'ayinta game da 'yan shekara goma sha biyar bai taɓa canjawa ba: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ita Allah ya ɗora wa aikin tanƙwarawar. Idan yaro ya ce kansa na ciwo, ƙarya ce. Idan yarinya ta yi shiru, raini ne. Idan suka yi dariya kuwa, to, da ita suke.

Malamin lissafi, wanda teburinsa ke jikin nata a ofishin malamai, shi ba haka yake ba. 'Ya'ya bakwai gare shi, huɗu a ciki duk sun kai shekarun ƙin jin magana a lokaci guda, saboda haka babu abin da ɗalibi zai yi ya ba shi mamaki. Yakan ce mutumin da ya bar yaƙi a gida ba ya zuwa makaranta neman wani. Malama tana ganin wannan lalaci ne aka sa masa hula, kuma ta sha faɗa masa a gaban idonsa. Shi dai sai ya yi murmushi ya tura mata kofin shayi.

Ita ɗa ɗaya ya rage mata a gida, Auta. Yayyensa mata biyu sun tafi jami'a, mahaifinsu ya rasu shekara huɗu da suka wuce, gidan ya zama daga ita sai shi sai tarin takardu. A wata makaranta ta sa shi, don kada a ce tana fifita ɗanta. A zangon da ya wuce ya faɗi darussa huɗu. Ta yi masa faɗan da ta saba yi wa aji guda, shi kaɗai ya sha. Da ta gama, ya ce ai Baffa ya daɗe yana cewa ya je garejinsa ya koyi gyaran mota, shi gara ya tafi can. Garin Baffa tafiyar yini ce. Maganar ta soke ta har cikin rai, amma Malama ba ta saba roƙon yaro ba. Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta ɗauki waya a gabansa ta kira Baffan. Aka sa ranar Asabar zai zo ya ɗauke shi.

Ranar Talata da la'asar ta zauna a teburinta na jikin taga, ta zazzage koriyar jakarta. Insha'i ne na azuzuwa uku, a kan illolin sare itatuwa. Mai duba takarda kusan ɗari biyu dole ya sami dabara, kuma tata dabarar ta daɗe tana yi mata aiki: ta duba suna, ta karanta layi uku na farko, idan ba a kama hanyar tambaya ba ta ja dogon layi daga kusurwa zuwa kusurwa, ta wuce. Ta kai tsakiyar tarin sai ga wata takarda babu suna. Ta fara da cewa akwai wani yaro da ke son ya faɗa wa mahaifiyarsa wata magana amma ya rasa ta ina zai fara. Babu itace, babu gatari. Malama ta ja layinta, ta rubuta maki biyu cikin ashirin saboda tsabtar rubutu, ta ƙara da cewa a riƙa karanta tambaya kafin a amsa. Auta yana tsaye a bakin ƙofa tun ɗazu. Ba ta ɗago ba ta ce in ba shi da abin yi ya daina tsaya mata a kai. Ya juya ya shige ɗakinsa.

Ranar Juma'a ta raba takardu a ajin farko, da yake sauran azuzuwan sun riga sun karɓi nasu. Kowa ya karɓi tasa, maras suna ta rage a hannunta. Dokarta a kan irin wannan sananniya ce: wanda ya fi kowa makara a ranar shi zai zaga azuzuwa da ita har ya gano mai ita. Ba a ma tsaya tambayar wane ne ba, ajin duka ya juya ya kalli kujerar baya. Akwai wata doguwar yarinya da Malama ta raɗa wa Sarauniyar Latti, wadda sunanta ya fi na kowa yawan jan layi a rajista, wadda kuma Malama ta riga ta rubuta a zuciyarta cewa ba za ta yi nisa ba. Yarinyar ta taso tana jan ƙafa, ta karɓi takardar ta fita. Har aka kaɗa ƙararrawa ba ta dawo ba, Malama ta ce a ranta ai an ba kura ajiyar nama, ta sami hanyar yawo.

Sai lokacin hutun tara yarinyar ta leƙo ofishin malamai. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce tana son ganin Malama a waje. Ɗalibi bai taɓa kiran Jan Biro waje ba. Malamin lissafi ya ajiye kofinsa don ya ga yadda za a ƙare. Mamaki ne ya tashi Malama, ba sauƙin kai ba.

A ƙarshen baranda, inda babu kowa, yarinyar ta ce ta zaga azuzuwan uku, kowa ya nuna mata tasa takardar, babu wanda ya rasa. Ta ce ta duba kuma ta ga layukan takardar ba irin na littattafan makarantar nan ba ne. Daga nan ta sunkuyar da kai.

"Malama, ki yi haƙuri, na karanta. Ba insha'i ba ne. Ina ganin ke aka rubuta wa."

Malama ta tambaye ta, cikin muryar da ke sa aji ya yi tsit, me take nufi. Yarinyar ba ta ja da baya ba. Ta ce an ambaci koriyar jaka a ciki, da tebur a jikin taga. Ta ce kuma ita ta san irin wannan takardar.

"Babana ma malami ne. A gidanmu in kana son ya ji ka, sai dai ka sa maganar cikin littattafan da zai duba. Nan ne kaɗai yake kallo da kyau. Ni sau biyu na yi."

"Ya gani?"

"Na farko ya gani," in ji ta. Ta miƙa takardar da hannu biyu, ta ce ba ta nuna wa kowa abin da ke ciki ba, ninke ta ta yi tana nuna bayanta kawai.

Malama ta jingina da ginshiƙi ta karanta, ta tsallake jan layin nata da ya raba kalmomin gida biyu. Yaron da ke cikin takardar ya ce tun da babansa ya rasu, idan ya buɗe littafi ba ya ganin komai, sai ya yi ta kallon shafi ɗaya har a tashi. Ya ce yana jin kunyar a ce ɗan malama ne daƙiƙin aji. Ya ce mahaifiyarsa tana dawowa da 'ya'yan mutane ɗari biyu a cikin jaka, kowa ta san inda yake kuskure, shi kuwa sai sakamako ya fito take sanin yana nan. A ƙasa, inda bironta bai kai ba, ya rubuta: "Ba na son zuwa wurin Baffa. Na faɗa ne don in ji ko za ki ce a'a. In kin karanta wannan ki ce min wani abu, ko faɗa ne."

Abin da ya fi ƙona mata rai ba maganar ba ce. Ita da ke iya gane rubutun kowane ɗalibi a aji uku ko an ɓoye suna, ita da ke kama mai satar amsa daga yadda ya lanƙwasa harafi, ta riƙe rubutun ɗanta a hannu ba ta gane shi ba. Rabonta da buɗe littafinsa tun yana rubutu manya-manya irin na firamare. Kuma yana tsaye a bakin ƙofa lokacin da ta ja layin. Ya ga amsarsa da idonsa, ya kwana uku da ita.

Da ta ɗago, yarinyar tana nan, ta juya tana kallon filin wasa don kada ta ga fuskar malamarta. Wannan kawaicin ya shiga zuciyar Malama fiye da komai. Yarinyar nan da ta yi zango biyu tana kunyata ta a gaban aji, yau ta sami abin da za ta rama da shi, abin da makaranta za ta yi wata guda tana dariya a kansa, sai ta ninke shi ta kawo mata a ɓoye. Malama ta nemi kalmar godiya, ta tarar shekara goma sha tara ba ta taɓa amfani da ita a kan ɗalibi ba, har ta yi tsatsa.

"Na gode, 'yata," ta ce, muryarta ba ta fita sosai ba. "Allah ya yi miki albarka. Kin yi min abin da ban cancanta ba."

Yarinyar ta rasa inda za ta sa kanta. Ta ce ba komai, ta ƙara da cewa gara Malama ta tafi yanzu, kada ta bari sai an tashi, don yara in sun gama haɗa kaya zuciyarsu ma tana gama haɗa nata.

Malama ta koma ofis ta ce wa malamin lissafi ko zai riƙe mata aji biyun da suka rage. Ya kalli fuskarta sau ɗaya, bai tambayi dalili ba, ya ce ta gaida gida. Mai 'ya'ya bakwai ya san fuskar da ba a yi wa tambaya. A ranar ta yafe masa duk lalacin da ta daɗe tana zarginsa da shi, ta bar koriyar jakar a kan tebur ta fita.

Ta sami Auta a ɗakinsa, akwati a buɗe kan gado, yana ƙoƙarin cusa takalma a gefe. Ganinta a gida da tsakar rana ya sa ya miƙe a firgice, ya tambaya ko lafiya.  Ta ture tufafin ta zauna a bakin gadon, ta ciro takardar ta shimfiɗa a cinyarta. Ya kalli jan layin, ya kawar da kai.

"A'a," ta ce. "Ba za ka je ba. Tun ranar ya kamata in faɗa, girman kai ya hana ni. Ka yafe min."

Ya murza igiyar takalmi a hannunsa. Da ya yi magana kuma ba abin da ta zata ya faɗa ba.

"Umma, amma biyu cikin ashirin?"

Dariya ta kubce mata tare da hawaye, shi ma ya yi, irin dariyar da ba ta daɗewa. Ta ce layi uku kawai ta karanta a ranar, kuma da ba don wata yarinya mai zuwa latti ba, da har yanzu ukun ne. Ta ce za ta kira Baffa yanzu-yanzu, ya yi ta mita in ya ga dama. Amma kafin nan akwai abin da take so. Ta miƙa masa takardar, ta ce ya karanta mata da bakinsa, daga farko, ba za ta katse shi ba.

Ya zauna a ƙasa ya jingina da gado, ya gyara murya ya fara. Sai a lokacin Malama ta ji cewa muryar ta buɗe, ta yi kauri, ta koma ta babban mutum, kuma ba ta san a wane wata hakan ya faru ba. Ta naɗe hannuwanta a cinya ta saurara.