A Ƙara wa Dodon Girma

Malam Badamasi, Sarkin Bakan wani ƙauye a yankin Dingaya, ya tsufa da sunan bai taɓa juya wa dabba baya ba. Gaskiya ne dajin nasu ya daɗe da komawa gonakin gero da riɗi, abu mafi haɗari da ya rage a ciki kuwa zomo ne, amma suna suna ne. Shi ke jan gaba a duk farautar rani, kuma ba ya bari a manta.

Sai ga Kamaluddeen daga Birnin Kudu, wani matashi da ya gama karatun kwamfuta ya rasa inda zai kai shi. Ya zo da kyamara da labarin wani dodo mai fitowa daga kogon dutse, yana neman maharbi na gaske mai gemu na gaske, domin na liƙawa yakan faɗi in an yi gumi. Aka kai shi wajen Malam. Ya bayyana cewa dodon ba zai halarci wurin ɗaukar ba, sai daga baya za a saka shi a kwamfuta. Abin da ake bukata kawai wani abu ne kore da Malam zai kalla. Aka samo taɓarya, aka aro koren zanen Kulu, matar Malam, aka lulluɓa mata, aka kafa a gindin dutse.

Aka ce wa Malam ya ɗaga kai, ya zare ido, ya ruga. Malam ya ce shi ba ya gudu. Kamaluddeen ya rantse cewa a kashi na biyu zai dawo ya harbi dodon a ido, duniya ta shaida. A kan wannan alkawari Malam ya ruga, kuma da yake mutum ne da ba ya aiki rabi da rabi, har takalmi ya bari. Kulu na tsaye a gefe tana jiran zanenta.

Kashi na biyu bai zo ba. Na ɗaya kuwa ya shiga kowace waya daga Gwaram har kasuwar Sara. Abin da kwamfutar ta haifa wata halitta ce tsakanin ƙadangare da ɗan akuyar da bai ƙoshi ba, da zankon zakara a ka, ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa. Tsayinta bai kai ƙugun mutum ba, ga Malam yana kallon sama a firgice, ita kuwa tana ƙasa tana jiran ya lura da ita.

Ba wanda ya yarda da dodon. Ko tsofaffin da ba su taɓa riƙe waya ba sun san aikin na'ura ne, kuma da wannan Malam ya yi ta kare kansa a teburin mai shayi. Iliyasu, wani maharbi da ya daɗe yana hangen gaban sahu, ya saurare shi cikin ladabi har ya gama.

"Mun yarda, Baba Sarki, dodon na kwamfuta ne. Gudun fa? Shi ma ita ta yi?"

Kafin a gama dariya magana ta kai ga dattawa, cewa watakila lokaci ya yi da za a hutar da Malam daga jan farauta, tunda ƙafafunsa sun nuna inda suka fi ƙwarewa. Suka ce za su zauna.

Malam ya hau mota zuwa Birnin Kudu, ya sami Kamaluddeen a shagon da yake cajin waya tsakanin fim da fim. Matashin ya fara bayanin cewa abin da ya riga ya bazu ba ya gogewa.

"Ban ce ka cire gudun ba, yaro. Ka ƙara wa dodon girma."

Ya ja kujera ya zauna a kan aikin. Ya sa aka ja wuyan halittar har ya wuce dutsen, aka dasa mata ƙahonin ɓauna da haƙoran kada, aka sa hayaƙi yana fita ta hancinta. Da Kamaluddeen ya kawo shawarar fukafukai, Malam ya ƙi, ya ce shi ba ya son ƙarya.

Dattawa suka kalli sabon fim ɗin a gindin tsamiya bayan la'asar, waya na zagayawa hannu zuwa hannu, kowa na nisa da ita daga ido. Suka auna dodon da wata kuka da ke bayansa a fim ɗin, suka ga ya fi ta. Iliyasu ya tuna musu cewa kwamfutar nan dai ita ce ta wancan karo. Babban cikinsu ya amsa cewa ai ba dodon ake shari'a ba, gudun ne, kuma gudu daga ɗan akuya abin kunya ne, amma wanda ya tsaya wa wannan abu ba jarumi ba ne, mahaukaci ne, mahaukaci kuwa ba ya jan mutane daji. Aka bar wa Malam jan gaban farautarsa.

Ranar farauta ya fito da baka da kwari da layu har gwiwar hannu, maharba na jiransa a waje. Kulu, wadda ita kaɗai a ƙauyen ba ta taɓa cewa komai a kan fim ɗin ba, ta rako shi har zaure tana masa fatan dawowa lafiya. Koren zanen nan da aka lulluɓa wa taɓarya ta ɗaura. Malam ya dube shi, ya gyara takalminsa da kyau, ya fita a hankali.